Ina-Zuwa Mai Gyaran Fanka

A layin masu gyare-gyare, tsakanin mai yanka makulli da mai sayar da ƙwan lantarki, akwai wani ɗan shago da ƙofarsa ba ta buɗuwa gaba ɗaya saboda fankokin da aka jibge a bayanta. Mai shagon ya ba hamsin baya, siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa, kuma ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Ina-Zuwa ake ce masa. Sunan bai faɗo daga sama ba. Kana cikin yi masa magana, ka kai tsakiyar zance, sai ka ga idonsa ya bar fuskarka ya koma kan wani abu a bayanka, ya miƙe zumbur ya ce, "Ina zuwa." Wani lokaci ya dawo. Wani lokaci sai dai ka gaji da jira ka kama gabanka.

Mutanen layin sun daɗe da yanke masa hukunci. Wasu suka ce wulaƙanci ne, wasu suka ce girman kai. To, girman kai ina ya gan shi, mutumin da ke iya fitowa kasuwa da takalmi wari da wari? Amma mutane sun fi son bayani mai sauƙi, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke faruwa a cikin kansa. Da sun tambaya ma ba lallai ya tsaya ya ba su amsa ba.

Tun yana yaro haka yake. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, mahaifinsu kuma aiki ya riƙe shi a nesa, sai rainonsa ya faɗa hannun yayarsa, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Ta aike shi sayen sabulu, ya dawo da mataccen agogon da ya tsinta a hanya, ba sabulu. A makaranta malamai suka ce kansa yana ja, gindinsa ne ba ya zama. An dake shi a aji, an dake shi a gida, dukan bai koya masa komai ba sai iya cewa "to" da sauri tun kafin ya ji abin da aka ce.

Yaya ce ta fara gano lagonsa. Ta lura tsawa ba ta shigarsa, amma idan ta kama wuyan hannunsa da hannunta na dama, ta riƙe, ta ce, "Auta, dube ni," sai ya tsaya cak, ya ji magana har ƙarshenta. Da wannan riƙon ta yi masa faɗa, da shi ta yi masa nasiha, da shi kuma ta ja shi har wurin wani tsoho mai gyaran fanka ta ce a koya masa sana'a, tunda hannunsa ba ya rabuwa da kwance-kwance.

A nan ne ya gamu da abin da bai taɓa samu ba. Idan ya buɗe cikin fanka, wani lokaci duniya takan yi tsit. Ya manta da yunwa, ya manta da rana, har sai ya gano inda waya ta ƙone ko inda ƙarfe ke cin ɗan'uwansa. Matsalar ita ce ba shi ke zaɓar lokacin da wannan shiru zai zo ba. Ran da bai zo ba, sai ya kwance fanka ya bar ta, ya kwance wata, ya fita neman noti ya dawo da filaya. Shi ya sa shagonsa ya cika da fankoki masu buɗaɗɗen ciki, kowace tana jiran ranarta.

Ya taɓa aure. Matar ba muguwa ba ce, haƙurinta ne ya ƙare. Ta taɓa ce masa zama da shi kamar ci gaba da magana ne a waya bayan layi ya katse. Ranar da ta zaunar da shi don ta gaya masa za ta tafi, ƙofar ɗakin tana ta ƙiii-ƙiii saboda iska. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani, amma ƙarar nan ta cika masa kunne. Ya ce, "Ina zuwa," ya tafi shago ɗauko mai. A shago ya tarar da wani da fanka a hannu. Ko da ya dawo da yamma, ta kwashe kayanta. Ya tsaya da gwangwanin mai a hannu, ya rasa abin yi, sai ya ɗiga wa ƙofar. Tun daga ranar ba ta ƙara yin ƙara ba, ɗakin ya rasa ko da wannan ɗan sautin.

Abokai ma da ɗaiɗai suka janye, ba tare da faɗa ba. Suna gaisawa da shi, suna tsokanarsa, amma sun daina gaya masa abin da ke damunsu, don ba wanda ke son ya buɗe cikinsa ga mutumin da zai miƙe a tsakiya. Sai bayan an yi abu ya wuce yake ji: wane ya yi jinya ya warke, wane ya tashi daga unguwa. Idan ya ce, "Haba, ba wanda ya gaya mini," sai a ce, "An gaya maka mana, kana zuwa ne." A yi dariya, shi ma ya yi. Ya koma ɗakinsa, inda kofunan shayi da ya haɗa ya manta suke zaune a kan taga da ƙarƙashin gado, kowanne da sanyayyen shayi a ciki. Kaɗaici yana cin sa, kuma ya san da hannunsa ya jawo, sai dai bai san yadda hannun ya yi ba.

Yaya kaɗai ta rage masa. Duk ƙarshen mako yana wurinta. Ta tsufa, mijinta ya rasu, tana zaune da 'yarta, wadda ma'aikaciyar jinya ce. Da ya shiga za ta ce, "Ga ɗan nema nan. Zo nan, Auta," ta kama wuyan hannun nan, ta ba shi labarin mako kaf, wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa da maƙwabci. A duk duniya nan ne kaɗai wurin da yake jin ƙarshen labari.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ya ɗauke mata ɓangaren dama, da hannun da komai, ya kuma nauyaya mata harshe. Hankalinta yana nan garau, amma kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Ɗan'uwa rabin jiki, in ji masu magana, ai kuwa Ina-Zuwa ya ji a jikinsa. Ya ninka zuwansa. Sai dai zuwan nasa ya zama wahala.

A kan teburin da ke gefen gadonta akwai wata tsohuwar fanka da ta daina aiki. Ranar farko da aka dawo da ita daga asibiti, ta dube shi, ta buɗe baki da ƙyar ta ce, "Fan... kar..." Bai bari ta ƙarasa ba. "Fankar? Yanzun nan, Yaya!" Ya zaro sukudireba daga aljihu, ya cire murfin, ya ga abin da ya lalace, ya ce yana zuwa. Bai dawo ba sai bayan kwanaki, kuma da abin da bai dace da fankar ba. Haka aka yi ta yi. Ta fara magana, ya ƙarasa mata: ruwa? filo? zafi? A kira 'yarki? Ya tashi, ya zauna, ya gyara labule, ya leƙa taga. Shirun da ke tsakanin kalmominta ji yake kamar an zaunar da shi a kan ƙaya. Hannun da ke tsayar da shi yana kwance a kan zanin gado, ba ya motsi. Daga baya in ya shigo sai ta juya fuskarta bango.

Wata rana 'yar Yaya ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kawu, don Allah kada ka ji haushina. Duk ran da ka zo ka tafi, Mama kuka take yi. Jininta hawa yake yi. In ba za ka iya zama ka saurare ta ba, ka riƙa gaishe ta daga ƙofa kawai."

"Ni? Daga ƙofa? Ita fa ta raine ni!"

"Na sani, Kawu. Shi ya sa ya fi yi mata ciwo." Ta sassauta murya. "Na daɗe ina son in gaya maka. Wannan abin naka ina jin ba hali ba ne kawai. Akwai larura mai kama da shi, kuma manya ma suna da ita. Ka je ka ga likita."

Da wani ne ya faɗa, da ya ce an zage shi. Amma ya hango ƙeyar Yaya ta ƙofar, sai ya ce to, kuma wannan karon ya ji abin da ya ce wa to.

Ranar da aka ba shi ta ganin likita ya manta. Ranar da aka sake ba shi ya je kwana guda kafin ta. Da dai Allah ya haɗa su, likitar ta yi masa tambayoyi har ya gaji, tun daga yarinta har zuwa shago, ta kuma kira 'yar Yaya ta ji ta bakinta. A ƙarshe ta ce abin yana da suna, ADHD, wato larurar da ke hana hankali tsayawa wuri ɗaya, ta kuma hana jiki zama. Ta ce ba lalaci ba ne, ba rashin tarbiyya ba. Ina-Zuwa ya fito ya zauna a kan benci a farfajiyar asibitin. Bai yi murna ba. Baƙin ciki ne ya cika shi, ya tuna bulalar makaranta, ya tuna gwangwanin mai, kuma ba shi da wanda zai je ya gaya wa.

Likitar ta rubuta masa magani, wanda ya taimaka a ranakun da ya tuna ya sha. Ta kuma tura shi wurin wani mutum a ƙarshen baranda, wanda ke amfani da magana ya kai mutum wani hali mai kama da gyangyaɗi, don ya koya masa nutsuwa. Wanzami ba ya son jarfa: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe cikin na'ura bai so a buɗe nasa ba. Ya shiga yana ɗari-ɗari.

"Malam, in dai tsibbu ne ko sa mutum ya yi abin da bai sani ba, ni a kai kasuwa."

Mutumin ya yi murmushi. Gajere ne mai sanƙo, maganarsa a hankali kamar mai tsoron tada jariri, har Ina-Zuwa ya laƙaba masa Malam Sannu-Sannu a zuciyarsa. "Ba barci za ka yi ba, kuma ba abin da zan sa ka yi da ba ka so. Za ka ji komai, in ka ga dama ka tashi. Ba kuma warkar da kai zan yi ba, kada ka bar maganinka. Wasu wannan yana taimaka musu, wasu ba ya yi. Mu gwada mu gani."

Aka gwada, aka sha kunya. Ya kishingiɗa a kujera, ya rufe ido, Malam Sannu-Sannu ya ce ya ga kansa a bakin kogi. Ya ga kogin, sai ya ga injin ban ruwa a bakinsa, sai ya fara tunanin wa ke gyara shi, daga nan ya tuna da mai injin da ya taɓa kawo masa fanka, daga nan kuma ya ji fankar silin ɗin ɗakin tana ɗan ƙas-ƙas. Ya buɗe ido ya ce, "Malam, fankarku tana son mai." A zuwa na gaba aka gwada lambu, lambun ma bai tsira ba.

Malam Sannu-Sannu bai yi fushi ba. Ya tashi ya kashe fankar, ya dawo ya zauna.

"Bar kogi. Dubi wannan. In an kashe fanka, nan take take tsayawa?"

"Ina! Sai ta gama juyinta."

"In mutum ya sa hannu ya tare ta fa?"

"Ta sare shi. Ai ba a taɓa fanka sai ta tsaya da kanta. Wannan shi ne abu na farko da maigidana ya koya mini."

"To ashe ka iya jira. Kalle ta har ta tsaya." Suka zuba mata ido, tana rage gudu, har fuka-fukanta suka fara rarrabuwa ana ganin kowanne. "Akwai wani lokaci kuma, ban da wurin aiki, da kake iya tsayawa?"

Ina-Zuwa ya dubi hannunsa. Sannan ya ce, "In Yaya ta riƙe mini nan." Ya nuna wuyan hannunsa.

"Riƙe shi da kanka. Yadda take riƙewa. Yanzu rufe ido."

Wannan karon abin ya kama. Muryar tana tafiya sannu-sannu, tana cewa an kashe makunni, ba sai ka tare komai ba, bar ta ta gama juyinta. Jikinsa ya yi nauyi, kafaɗunsa suka sauka. Yana jin takun mutane a baranda, amma takun bai ja shi ba. Muryar ta ce duk lokacin da ƙafafunsa suka ce masa tashi, ya kama wuyan hannunsa, ya ja numfashi, ya jira fuka-fukan su tsaya. Da ya buɗe ido ya tarar gemunsa ya jiƙe, ya ce zufa ce tunda an kashe fanka. Malam Sannu-Sannu ya ce haka ne.

Malam Sannu-Sannu ya ɗaukar masa muryar a waya. Da tsakar rana in layi ya yi shiru, sai Ina-Zuwa ya tura ƙofar shago ya saurara. Wata rana ya kai ƙarshe, wata rana ya tsinci kansa yana kwance wata fanka muryar tana ta magana ita kaɗai. Kada a yi ƙarya, bai zama wani mutum dabam ba. Har yanzu yana manta shayi. Amma ya fara gwada abin a kan mai yanka makulli: ya kama wuyan hannunsa a ƙarƙashin benci, ya saurari labarin rigimarsa da mai gidan haya tun daga farko har ƙarshe. Ashe labaran mai makulli ba su da daɗi ko an ji ƙarshensu. Mai makullin kuwa ya dube shi ya ce, "Lafiya kake kuwa? Yau ba ka zuwa?"

Duk wannan lokacin daga ƙofa yake gaida Yaya. Ya tsaya ya ce, "Yaya, ya jiki?" ya dubi ƙeyarta, ya juya. Ba abin da ya taɓa yi masa ciwo kamar wannan tsayuwar.

Ran nan da la'asar, ana zafi, ya ce wa 'yar Yaya, "'Yata, ki bar ni in shiga. In na tashi kafin ta gama magana, kada ki ƙara bari na wuce ƙofar nan." Ta dube shi, ta dubi aljihunsa. Ya zaro sukudireban ya miƙa mata. Ta matsa gefe.

Ɗakin yana warin man zafi. Fankar tana nan a kan tebur yadda ya bar ta, ba murfi, wayoyi a waje. Ya jawo kujera ya zauna. Bai gyara labule ba.

"Yaya, ni ne. Auta."

Ta daɗe kafin ta juyo. Ta rame, gefen bakinta ya karkace, amma idanun nata ne. Ta dube shi, ta dubi tebur, leɓɓanta suka fara rawa.

"Fan... kar..."

Nan take komai na jikinsa ya miƙe. Ya san abin da ya lalace a fankar nan, ya san shagon da ake samunsa, ya san in ya yi sauri zai tarar ba a rufe ba. Ga zufa a goshinta, ga zafi, me ya fi a gyara mata fanka? Kalmomin nan biyu har sun hau harshensa. Ya kama wuyan hannunsa ya matse. Ya ja numfashi. An kashe makunni.

Shiru ya yi tsawo. Wata mota ta wuce a titi. A kicin an ajiye murfin tukunya. Ƙafarsa tana rawa, ya bar ta ta yi. Yaya tana kokawa da kalmar, jijiyar wuyanta ta tashi, yawu ya ɗan zubo a gefen bakinta. Ya ga kalma goma da zai iya miƙa mata, bai miƙa ko ɗaya ba.

"...bar... ta."

Ya buɗe baki, ya rufe. Bai tabbata ta gama ba, don haka ya ci gaba da jira.

"Kai... nake... so. Zau... na."

Tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti abin da take son faɗa ke nan, shi kuwa yana ta yawon neman kayan gyara. Kunya ta kama shi, da wani irin tausayin kansa da nata. Ya sunkuyar da kai.

Da ya ɗago, idonta yana kan hannuwansa. Ta gane riƙon, ai nata ne. Ta yunƙura, ta ɗago hannun hagu, wanda bai taɓa yin wannan aikin ba, ta laluba a hankali har ta ɗora shi a kan nasa. Ba ƙarfi a cikinsa ko kaɗan. Ko yaro zai iya zamewa.

Daga nan ta fara ba shi labari. Labarin wata maƙwabciya ce da ta zo dubiya ta cika ta da surutu, labarin da a da za ta gama shi kafin shayi ya huce. Yanzu ya ci musu yammacin gaba ɗaya. Sau da yawa hankalinsa ya zille, ya tafi shago, ya tafi kogin Malam Sannu-Sannu, ya kamo shi ya dawo da shi. Wasu kalmomin bai gane ba, ya ce ta maimaita, ta harare shi da ido ɗaya irin hararar da, ta maimaita. Ya ji ƙarshen labarin. Bayan nan barci ya ɗauke ta, hannunta yana inda ta ajiye shi.

Rana ta faɗi lokacin da 'yar Yaya ta turo ƙofa a hankali, da sukudireba a hannunta. Ta ga uwarta tana barci ta fuskanci ɗaki, ba bango ba. Ta ga fankar ba a taɓa ba, rigar kawunta ta jiƙe sharkaf da zufa.

"Kawu," ta ce ƙasa-ƙasa, "ba ka tafi ba?"

Bai ɗaga hannunsa ba, kada ya tashe ta.

"Ina nan," ya ce.